Aikin da bai bar tabo ba

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. A gidanmu na Roni hakan na nufin ba ta kiran sunana, ba ta kuma tsaya mini a gaban mutane. Ƙanwar mahaifina, Goggo, ita ke da bakin magana a kaina.

Ina shekara goma sha uku na fara al'ada, ciwon mara ya zo tare da ita. A gefen hagu yake, kamar ana matse wanki, kuma na kowane wata ya fi na baya. Nakan kwanta a kan siminti ina amai, Goggo ta tsallake ni ta wuce.

"Raki ne kawai," in ji ta. "Jini dai yana zuwa, ko ba ya zuwa? Tashi ki yi daka."

A ɗura mini ruwan kanwa, in tashi ina jiri. Inna tana can tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi. Wallahi ko maganin bai dame ni ba kamar yadda nake son ta yarda cewa ba ƙarya nake yi ba.

Shekara shida aka yi a haka. Sai da na yanke jiki na faɗi a aji, lokacin ina karatu a Kazaure, sannan Kawu, yayan Inna, ya kai ni asibiti. Aka ɗauki hoton cikina, aka tura mu Kano. Can wata likita ta zana mini a takarda: mahaifata tsagi biyu ce tun haihuwa. Ɗaya lafiyayye, ta nan jinin ke fita. Ɗayan ƙarami ne, ba shi da ƙofa, duk wata jini na taruwa a ciki. Ta ce za a cire shi ba tare da an farke ni ba, ta huda uku kawai, da 'yar kyamara da ake zurawa ta cibiya.

Haka aka yi. Kwana biyu aka sallame ni, na shiga mota da ƙafata.

A gida mata suka cika ɗaki don dubiya, har da danginmu na garin Gwiwa. An ce musu an yi mini aiki, sun zo da shirin ganin ɗinki daga ƙirji zuwa mara. Goggo ta sa na ɗage riga. Filasta uku, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba.

"Wannan ne aikin?" Ta tuntsire da dariya. "Ai ƙahon wanzami ya fi wannan barin tabo. Da ma na faɗa muku ba wani abu ba ne."

Suka taya ta. Raina ya ɓaci. A ranar na ji haushin likitar da gwanintarta. Na so a ce ta tsaga ni biyu, in sami abin nuna wa matan nan.

Ina da abu ɗaya: hoton da kyamarar ta ɗauka, wanda likitar ta bari na ɗauka a wayata. Wani ƙullutu ne, ya kumbura da tsohon jini. Ban nuna wa Goggo ba, ba ita nake wa ajiyarsa ba. Na jira baƙi suka watse bayan la'asar, Inna ta shigo kwashe kwanuka, na miƙa mata wayar.

"Inna, dubi abin da aka ciro. Ba raki ba ne."

Ta kau da kai. "Ba sai na gani ba. Tun watan farko na sani. Ni na haife ki, na san nishinki."

"Kin sani? To me ya hana ki magana?"

"Da wane bakin? A ce na rasa kunya, ina rawar jiki a kan 'yar fari a gaban dangin miji?"

Ta haɗa kwanukanta ta fita. Na zauna da waya a hannu. Goggo aƙalla ta ɗauka ƙarya nake yi, shi ya sa na iya yafe mata daga baya. Inna kuwa ta san gaskiya nake faɗa, duk wata, shekara shida, tana tankaɗe. Ina gaishe ta, ina yi mata aike, amma har yau ban huce ba.