Kawu da Shirun Minti Goma

"Baba, don Allah minti goma kawai, ba magana, ba motsi."

Karo na uku ke nan ma'aikaciyar jinya tana roƙon kawuna. Daga Gayam na kawo shi, saboda an ce kitse ya yi masa yawa a jini. Wasu likitoci sun zo Birnin Gwari da na'urar duba ko jijiyoyin jini sun fara tauri. Ba allura, ba yanka. Abin awo ake ɗaurawa a cinya, a ɗora wani a wuya. Naka kawai ka kwanta ka yi shiru.

To, Kawu da shiru ba sa shan inuwa ɗaya. Duk wanda ya ɗaga labule ya yi sallama, sai ya amsa, ya hau tambayar gida da gona. Awo ya lalace, a koma farko.

An kusa gamawa sai wani dattijo ya leƙo. Kawu ya zabura ya zauna: "Malam Idi na Kakangi! Ashe kana raye?"

Ma'aikaciyar ta dafe kai. "Haba Baba, jijiyarka fa muke aunawa!"

Ya ce, "'Yata, jijiya tana nan, ba inda za ta. Wannan kuwa tun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyensu ban sa shi a ido ba."

Da hannunta ta kwance masa, ta ba su wuri.

A karo na huɗu aka dace. Jijiyoyin sun ɗan yi tauri, an raba shi da man shanu da kitsen tsire, har muka isa gida yana mita.

Ni dai na gane a yankinmu gaisuwa ba surutu ba ce, duba waɗanda suka rage ake yi. Ku fa, dattijon gidanku zai iya shirun minti goma?