Shekari da Jinin da Aka Ɗiba Ba Sallama

A Narayi in ka ce Shekari sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Ɗan'uwan Kowa, ko mai tallar gyaɗa za ta nuna maka gidan. Gajere ne kakkaura, wuya kamar turmi, mutumin kudancin Kaduna da ya shigo birni da ƙuruciya ya kama aiki a wata masaƙa a Kakuri. Ya daɗe yana ɗaukar dilar auduga a kafaɗa, har kasuwa ta faɗi aka rage ma'aikata da shi. Abin da ya fito da shi daga masaƙar bai wuce tari da gwaiwa ba.

Bai yi zaman makoki ba. Ya koma bakin ƙofar wani asibitin kuɗi a wajen Nasarawa ya buɗe sabuwar sana'a. In za a yi wa mutum tiyata, likita kan ce dangi su ba da jini. Dangi kuwa da sun ga allura sai kowa ya tuna yana fama da jiri. Nan Shekari ke shigowa, ya ba da nasa a biya shi. Yau shi ne ƙanin wani Alhaji mai motocin haya, gobe yayan wata 'yar Ibo mai sayar da garin rogo. Nas mai ɗibar jinin, Sista Ngozika, takan dube shi ta saman tabarau ta ce, "Yau kuma ɗan'uwan wa?"

"Sista, duk 'ya'yan Adamu ne."

In an gama sai ya sha madarar gwangwani da ruwan ganyen ugu, ganyen miyar nan mai ƙara jini, ya koma gida wurin matarsa Celina yana fito.

Gwaiwar ce ta ƙi zama lafiya. Zuwa shekarar 1988 ta kai yana tafiya kamar wanda ya saci kwakwa ya ɓoye a wando. Celina ta ce, "Baban Naomi, ko a cire abin nan ko ka daina bina coci. Mata ba sa jin wa'azi, kai suke kallo." Sai ya je asibitin nasu, Dokta Bello ya duba shi ya ba shi gado, ya ce ranar Alhamis za a yi aiki.

Sista Ngozika ta zo ɗibar jinin gwaji, ta cika ƙaramar kwalba, ta ɗauko wata.

"Ta biyun fa?" in ji Shekari.

"Ta likita ce. Kwanta."

Alhamis ta zo ta wuce. Wata Alhamis ɗin ma haka. Aka ce babu wuta, aka ce likita ya yi tafiya, alhali ga motarsa a inuwar mangwaro. Mai shara ta fara kewaye gadonsa kamar an zuba garwashi a ƙasa. Kofinsa aka ɗaura masa zare ja aka ware shi. Ba shi kaɗai ba: a gadon kusa akwai Cyril, wani makaniken manyan motoci daga Sabon Tasha, siriri mai yawan dariya, da ya zo a cire masa ƙari a wuya. Shi ma kofinsa da zare. Suka riƙa buga dara a kan kwali suna zagin abincin asibiti.

Lokacin ne rediyo ke ta maganar sabuwar cutar nan da aka sani daga baya da ƙanjamau. Ba wanda ya san ta sosai, amma kowa na da labari. Mai sharar ce ta tsegunta wa wata a kasuwa cewa kwalba ta biyu wani babban asibiti ake kai ta a nemi cutar, kuma ba a taɓa mutum da wuƙa sai amsa ta dawo. Kafin Lahadi duk Narayi ta ji, ban da mai jinin.

Zumuntar mata ta cocinsu suka zo duba shi. Suka tsaya daga bakin ƙofa suka yi waƙa, suka yi addu'a da ƙarfi don ta isa gadon, suka turo ayaba da ƙafa. Da suka tafi Celina ta zauna, jakarta a cinya.

"Faɗa mini gaskiya. Matar nan mai burkutu a Unguwar Boro, shan kawai kake zuwa yi?"

"Da wannan kayan?" Ya nuna cinyarsa. "Maman Naomi, ki ji tsoron Allah."

"To ai cewa ake yi jininka suke bincike. Rabin Kaduna na yawo da jinin nan. In akwai abin a ciki, ka gama da gari."

Daren bai ci tuwo ba. Mutumin da bai taɓa riƙe sunan wanda ya ba jini ba ya kwanta yana tuno fuskoki, har da wata yarinya mai haihuwa da mijinta ya rungume shi yana kuka.

Wata safiya Sista Ngozika ta shigo tana tafa hannu, a gaban kowa ta ce, "Oga Shekari, barka! Jininka fes. Gobe aiki." Ɗakin ya ɗauki tafi. Gadon Cyril kuwa ta wuce shi kamar babu mutum a kai.

Kowa ya ɗauka Shekari zai durƙusa ya gode wa Allah. Sai ya sauko daga gado, ya tallafe gwaiwarsa da hannu biyu, ya nufi ofishin likita cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, Celina na binsa tana ƙoƙarin rufe masa asiri da gyale.

"Dokta, wa ya aike ka?"

"Zauna, Malam Shekari. Ai labari mai daɗi ne."

"Ko akuyata za ka duba wa haƙori sai ka yi mini sallama. Jinina ya yi tafiya a mota ban sani ba. Mai shara ta sani, zumuntar mata sun sani, matata ta kusa kai ni wurin fasto."

Dokta Bello ya cire tabarau ya murza ido. Ya nuna masa ta taga, inda aka shanya safar hannu ta roba a igiya kamar kayan jariri. "Ka ga waɗancan? Wankewa muke mu sake sawa. Ina cikin aiki allura kan soke ni. Ni ma ina da 'ya'ya. Da na tambaye ka, za ka yarda?"

"Wataƙila in ƙi."

"Ka gani."

"Wataƙila kuma in yarda. Ba ka tambaya ba, yanzu daga ni har kai ba wanda ya sani."

Likitan ya ce zai yi wa ma'aikatansa faɗa a kan surutu. Game da tambayar kuwa bai yi alkawarin komai ba.

Da Shekari ya koma ɗaki ya tarar Cyril na haɗa kaya. An ba shi ƙwayoyi a leda an ce ya je babban asibiti, wai injin nan asibitin ya lalace. Shekari ya ɗaukar masa jaka har bakin titi. Suna jiran mota sai ga hayaƙi daga bayan asibiti, ana ƙona katifar gadon Cyril.

"Oga Shekari," in ji Cyril da Hausarsa ta gareji, "kai ka shiga wurin dokita. Me suka ce a kaina?"

Shekari ya gyara riƙon jakar. Da ƙyar ya ce, "Koma ka tambaye shi. Zan raka ka."

Cyril ya dubi hayaƙin, ya yi 'yar dariya, ya tsayar da mota ya shiga. Daga baya aka ce ya rufe garejinsa ya koma garinsu. Ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Aka yi wa Shekari aiki lafiya. Sai dai barkar Sista ba ta kai inda tsegumin mai shara ya kai ba. Ya koma bakin ƙofar asibiti, masu neman jini suka riƙa gaishe shi daga nesa suna wucewa. Ya haƙura ya koma gashin doya a bakin hanyar Sabon Tasha. Duk wanda ya ce masa za a yi masa tiyata sai ya ƙara masa manja ya ce, "Ka tambaye su inda jininka zai kwana." Wasu sun tambaya aka gaya musu, wasu aka ce su nemi wani asibitin.

Bayan wasu shekaru gwaiwar ta sake fitowa ta ɗaya ɓangaren. Celina ta yi magiya a koma asibiti, fasto ya zo har gida, 'yarsu Naomi ta yi kuka. Shekari ya ce wannan kam da ita za a binne shi. Ya rayu ya tsufa ya ga jikoki, kuma da ita aka binne shi.