Ƙusar da ta Rage a Takalmin Auta

Shumeka mutum ne da yake fara gaisawa da ƙafarka kafin fuskarka. Za ka tsaya a bakin rumfarsa kana ta zuba sallama, shi kuwa idonsa na ƙasa, sai ya gama karance takalminka tsaf sannan ya ɗago ya amsa. Ya san mai jan ƙafa, ya san mai taka gefe, ya san matar da ta sayi takalmin da ya yi mata kaɗan don kawai ya yi mata kyau. Matarsa takan ce da za a ɗauke ta a ajiye wata sanye da silifas ɗinta, sai ya yi sati bai lura ba. Ba ya musu, dariya kawai yake yi.

Rumfar tasa 'yar mitsitsiya ce, a jikin katangar filin da yaran unguwa suke buga ƙwallo. Benci ɗaya, akwatin katako, gwangwanin gam, basilla, guduma, filaya, sai tulin takalman da masu su suka kawo suka manta da su. A nan kawunsa ya koya masa aikin, a nan furfura ta same shi. Shi dai bai taɓa buga ƙwallo ba, in ma ta gangaro wajensa da hannu yake mayar musu, amma babu ƙwallon da ta fashe a filin nan ba ta bi ta hannunsa ba.

A ƙarƙashin wannan benci Auta ya yi rarrafe. Shi ne ɗansa na ƙarshe, siriri, marar magana, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa ta hagu sai ka ga manya sun bar hira sun juyo. Da ya fara tasawa, uban ya samo masa takalmin ƙwallo baƙi a gwanjo, ya ɗan yi masa yawa, aka cusa tsumma a gaba har ƙafar ta cika shi. Takalmin nan ya sha gyara, kai, ya sha har ya gode Allah. Ranar da aka fara ɗinke bakinsa baƙin zare ya ƙare, Shumeka ya yi da fari, yaron kuma ya ci ƙwallo biyu da yammar. Shi ke nan fa, daga ranar Auta ya ƙi yarda a taɓa masa takalmi da wani zare in ba fari ba.

Da aka kira Auta cikin tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai, za su tafi gasa a wata ƙasa, unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Ranar tafiya, ana saura kaɗan motar da za ta kai shi sansani ta iso, sai ga shi ya shigo rumfa riƙe da takalmin. Ƙasan na hagu ya buɗe baki tun daga gaba har dunduniya.

"Baba, zai gyaru kuwa?"

"Kai, ji yaron nan! Wa kake tambaya?"

Shumeka yana da yadda yake aikinsa, yadda kawunsa ya koya masa. Zai shafa gam, ya haɗa, ya buga 'yan ƙananan ƙusoshi daga waje su riƙe har gam ɗin ya kama, ya yi ɗinki, sannan ya bi ƙusoshin da filaya ya zare su. Daga ƙarshe sai ya zura yatsa cikin takalmin ya shafa ko'ina. Sai yatsan ya ce babu komai sannan takalmi yake barin rumfar. Haka ya yi ranar, yana sauri, maƙwabta sun cika bakin rumfa, kowa da addu'arsa, uwar yaron na share hawaye da bakin mayafi, direba na danna hon kamar an aiko shi. Auta ya karɓi takalmin ya rungume.

"Ba zan sa shi a atisaye ba, Baba, kada ya lalace. Sai ranar wasan farko. In ka ga na shiga fili, da aikinka na shiga."

Shumeka ya ce "Allah ya tsare," ya juya yana gyara gwangwanin da ba ya bukatar gyara.

Ranar wasan farko ya buɗe rumfa kamar kullum, don ya ce zama a gida zai kashe shi. Da hantsi yana ƙarasa takalmin wani malamin makaranta, ya zare ƙusoshi, ya zura yatsa ya shafa. Sai ya tsaya cak. Yatsan nan ne ya tuna masa abin da kansa ya manta: bai shiga takalmin Auta ba. Ya zare na gaba, ya tuna sarai. Ya zare na gefe. Ya kai filaya wajen ta dunduniya ke nan aka danna hon, wani ya dafa shi yana masa murna, yaron ya miƙo hannu. Ya zare ta ko bai zare ba?

Ya rufe ido ya sake bin aikin daga farko. Bai zare ba. Wallahi bai zare ba.

Wanda ba ya aikin ba zai gane ba. Ƙusar tana kwance ƙarƙashin shimfiɗar ciki, in tafiya kake ba za ka ji komai ba. Amma ka yi gudu, ka yi tsalle ka dira da dunduniya da dukkan nauyinka, to a nan za ta taso. Kuma a ƙafar hagu, ƙafar da ita ce duk abin da yaron yake da shi.

Ya lalubo 'yar wayarsa ya kira yaron. Wayar Auta a kashe. Ya sake kira, a kashe. Dama yaron ya faɗa musu ranar wasa karɓe wayoyinsu ake yi. Ya bar rumfa a buɗe, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi gida yana haɗa hanya.

Matarsa na shanya ya faɗo tsakar gida. Ta saurare shi har ya gama, ta ajiye bokiti a hankali.

"Baban Auta, ka tabbata?"

"Da ban tabbata ba zan baro rumfa a buɗe?"

"Kai da ko silifas ɗin yara ba ka bayarwa sai ka shafa?"

"Ki bar tone-tone, ki nemo min lambar mutumin nan da ya zo ɗaukarsa!"

Ta nemo. Wayar ta yi ta ringi har ta gaji, ba a ɗauka ba. Mai aski na bakin titi, wanda shi ne gwanin waya a layin, ya tura saƙo, ya sake turawa, shiru. Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ƙila ma a benci zai fara." Shumeka ya kama wannan magana da hannu biyu.

Kafin a fara wasa shagon mai aski ya cika maƙil. An jawo talabijin bakin ƙofa, masu tsayuwa sun fi masu zama, an ba Shumeka kujerar askin kanta, ta alfarma, a gaba. Ba wanda ya san abin da yake ciki sai mai aski da matarsa, wadda ta tsaya can baya cikin mata. Aka jero yara ana taken ƙasa. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, babu Auta. Shago ya ɗauki tsaki.

"Wannan kocin anya yana da ido?"

"A bar Auta a benci? Haba!"

Shumeka kuwa ajiyar zuciya ya yi, har kujerar ta motsa. Allah sarki. Uban da ya yi shekaru yana roƙon ya ga ɗansa cikin rigar ƙasa, yau ga shi yana motsa baki yana roƙon kada a sa shi. Kunyar kansa ta kama shi, amma bai fasa roƙon ba.

Yaran ɗaya ƙasar dogaye ne, ga ƙarfi. Ba a jima ba suka zura ɗaya a raga. Daga nan duk ƙwallon da aka ɓarar ta gefen hagu sai shago ya ɗauka: "A sa Auta! A sa Auta!" Wani har da jijjiga masa kafaɗa, "Baba, ka yi magana mana, ɗanka ne zai cece mu!" Ya yi musu yaƙe. Gumi ya jiƙa masa riga har baya, ga fanka na kaɗawa a kansa.

Aka dawo daga hutun rabin lokaci, ana ci gaba da matsa musu. Can sai aka nuno bakin fili, ga wani siririn yaro yana gyara riga, koci na masa magana a kunne. Ihun da aka yi sai da ya tsorata masu wucewa a titi. Shumeka ya damƙe hannun kujera. Ya so ya miƙe ya ce a dakata, amma wa zai gaya wa? Gilashi ne a gabansa.

Auta ya shiga da gudu. Kowa na bin ƙwallo, uban na bin dunduniya ɗaya. Daga nesa ake nuno su, yaran duk ƙanana, abin da ya iya gani kawai takalmin baƙi ne. Baƙi ne! Yaron ya cika alkawari. Duk takun da Auta ya yi sai Shumeka ya ji shi a tafin ƙafarsa. Ya yi gudu, lafiya. Ya yanke wani, lafiya. Aka ɗago ƙwallo sama, ya yi tsalle, Shumeka ya rufe ido, ya buɗe ya gan shi a tsaye. Yaro, daina tsalle. Don Allah daina tsalle.

Sai Auta ya karɓi ƙwallo a gefe, ya wuce ɗaya, ya nufi kusurwa, wani ƙaton ɗan baya ya zo ya haɗu da shi. Auta ya faɗi yana birgima, hannunsa biyu riƙe da ƙafar hagu.

"Na kashe shi," in ji Shumeka. A fili ya faɗa, amma ihun "Keta! Keta!" ya danne maganar. Daga baya ya jiyo salatin matarsa. Masu ba da agaji suka ruga cikin fili da jaka, aka matso da hoto kusa, kusa sosai, har ƙafar ta cika talabijin.

Kowa a shagon baƙin takalmi ya gani. Shumeka ya ga fata sabuwa dal, ya ga haƙoran ƙasan takalmin da ba su taɓa cin ƙasa ba, ya ga baki sumul wanda basilla ba ta taɓa hudawa ba. Babu farin zare ko ɗaya.

Aka fesa wa yaron magani a idon sawu, ya miƙe, ya buga ƙafar a ƙasa, ya ɗaga hannu alamar lafiya lau. Shi ya ɗauki bugun tazarar, ya lanƙwasa ta da hagu, wani abokinsa ya sa kai, ta shiga. Shago ya kife. An rungume Shumeka, an ɗaga hannunsa sama, wani ya taka masa ƙafa bai ma ji ba. Haka aka tashi ɗaya da ɗaya. Mai aski ya sunkuyo ya raɗa masa, "Ka gani ko, Baba? Ashe ka zare ta." Shumeka ya miƙe ya fita daga shagon.

Ya koma rumfa ya tarar ba a taɓa komai ba. Ya zauna a benci. Daɗi yake ji, amma a ƙarƙashin daɗin akwai wani abu mai ɗaci, ya kuma san sunansa: yaron ya wuce hannunsa. Matarsa ta biyo shi ta zauna a kan akwatin katako, ya gaya mata abin da ya gani. Ta ce, "To ai sai godiya." Ya ce, "Godiyar nake."

Rana ta yi sanyi wayar ta yi ƙara. Hayaniyar yara ce ta fara shigowa, sannan muryar Auta, yana haki.

"Baba! Ka gani?"

"Na gani, Auta. Yaya ƙafar?"

"Ba komai, ɗan bugu ne. Baba, ka ga takalminka? Da shi na ba da ƙwallon nan!"

Yanzu Shumeka ya gane. Ya tuna sauran yaran, wasu da jan takalmi, wasu da ruwan ɗorawa, wasu da kore mai ƙyalli. Cikin duk sababbin takalman da aka zube musu, ɗansa ya tsallake masu kyau ya zaɓi baƙi, don wani tsoho da zai kalla daga nesa.

"Bai matse ka ba?"

"Ko kaɗan, Baba. Kamar sabo."

Matarsa ta kafe shi da ido tana jira ta ji abin da zai ce. Ya gyara murya.

"To madalla. Saurara, Auta. Takalmin nan ya yi aikinsa, ya gaji. Ka sa shi can ƙasan jaka, kada ka ƙara zura ƙafa a ciki, kada ka ara wa kowa, ka dawo min da shi. Wasa na gaba ka sa irin wanda suke ba ku. Ka ji ko?"

"To, Baba!"

Da sauri amsar ta zo, da sauƙi, muryar yaron har wani sakewa ta yi kamar an sauke masa kaya. Aka kira shi daga can, ya ce a gaida Mama, wayar ta katse. Shumeka ya ci gaba da riƙe ta a kunne.

"Me ya sa ba ka gaya masa ka gani ba?" in ji matarsa.

"Ya sha wahala wajen zaɓen baƙin," ya ce. Ya juya mata baya, ya goge ido da gefen hannu.