Takalmi a Goshin Marigayi

Akwai wata Laraba da har gobe ban manta da ita ba, a shekarata ta biyu a shagon buga takardu na Oga Sale da ke Yelwa, a Bauchi. Ku da kuka zo koyon aiki kwanan nan kuna ganin kamar dama can haka nake wuni gaban kwamfuta. Ina fa. A aji huɗu na sakandare na ajiye biro. Na ja keke mai ƙafa uku, na gwada gyaran waya, har gwanjo na sayar a kasuwar Muda Lawal, babu inda na yi damina biyu. Oga Sale abokin yayana ne, shi ya ce in zo ya koya min tsara shafi ko Allah zai sa in zauna wuri ɗaya.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. 'Yan sashen aikin jarida na makarantar da ke kusa da mu suna da wani kwas a shekarar ƙarshe. Ana raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fitar da mujallarsa. Su za su rubuta labarai, su ɗauki hotuna, su nemo masu talla da za su taimaka da kuɗin bugu. Kafin su zo wurinmu sai sun zana tsarin shafuka a takarda: shafi na kaza hoton wane, shafi na kaza labarin wasanni, shafi na kaza talla. Malamin kwas ɗin ya duba ya sa hannu. Da zarar ya sa hannun nan, to, magana ta ƙare. Wanda ya sauya jerin shafuka bayan haka, makinsa ya taɓa. Mu namu shi ne mu ɗora a kwamfuta, mu gyara, mu buga, mu naɗe, mu sa fin a tsakiya.

Shugabar rukunin da aka ba ni sunanta Rukayya. Matar aure ce, daga Gwallameji take zuwa, wani lokaci da goyo. Wannan kwas ɗin kaɗai ya riƙe ta. Bara rukuninsu ya watse ana saura kaɗan, ba su miƙa komai ba, 'yan ajinta suka tafi bautar ƙasa suka bar ta. Idan ta sake faɗuwa, ita da kanta ta ce min, maigidanta ya ce ya gaji, sai dai ta haƙura da karatun. Don haka ba ta wasa da aikin nan ko kaɗan. Hoto ya ɗan karkace, sai ta ce, "Nura, don Allah matsar da shi." In matsar, ta ce na yi yawa.

A al'adar mujallun nan, shafukan farko na manya ne, kuma bisa girma ake jera su. Shugaban makaranta, sai shugaban sashe. A tasu Rukayya, shafi na shida na wani marigayi ne, Malam Yakubu, tsohon malamin sashen da ya rasu a shekarar. Hotonsa ya cika shafin, da farin rawani, ƙasa kuma addu'a da 'yan kalmomin ta'aziyya. Dakta, wato malamin kwas ɗin, shi ya rubuta kalmomin da hannunsa, don marigayin ne ya koyar da shi. Har ya ce zai kai wa iyalinsa kwafi ɗaya. Shafi na bakwai kuwa, a tsarin da aka sa wa hannu, "talla" kawai aka rubuta.

Mai tallan wani ɗan kasuwa ne, Oga Chidi, mai sayar da takalma a Muda Lawal. Shi ya ɗauki mafi nauyin bugun, da sharaɗin a ba shi shafin farko bayan manya, a hannun dama. Hoton ma shi ya zaɓa: wani ƙaton baƙin takalmi sau-ciki, an ɗaga shi ƙasansa na kallon mai karatu, da tsaga-tsagan nan kamar tayar mota.

Shafin marigayi na gama shi tun farkon zango. Tallan kuwa sai a makon ƙarshe ya iso. A kwamfuta shafi ɗaya-ɗaya muke buɗewa mu gyara, don haka ni ban taɓa ganinsu gefe da gefe ba. Rukayya ma haka, Oga Sale ma haka.

Ranar Larabar, bayan azahar, muka fitar da kwafin gwaji a ƙaramar firinta. Washegari Alhamis za su miƙa. Takardar mai sheƙi ce, tawada ba ta saurin bushewa a kanta. Oga Sale ya ce a bar ta ta sha iska. Amma akwai wani ɗan rukunin, Sadik, wanda duk zangon ba mu gan shi ba sai ranar. Ya kwashe takardun ya naɗe, ya danne da tafin hannu, ya ɗora jakarsa a kai wai don ta kwanta da kyau ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan aji.

Da Rukayya ta karɓa ta fara buɗewa, tana murmushi. Ta wuce shugaban makaranta, ta wuce shugaban sashe. Ta zo shafi na shida sai takardar ta ɗan manne. Ta ja a hankali. Ga sawun takalmi nan baƙi, raɗau, a goshin Malam Yakubu, har kan rawanin.



Sadik ne ya fara magana. "Ai tawada ce ba ta bushe ba. A babban inji ba zai yi haka ba, ko Oga?"

Oga Sale ya karɓi mujallar. Ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa. Ya ce, "A babban inji ba zai bar sawu ba. Amma ko da sawu ko babu, duk wanda ya rufe mujallar nan ya taka bawan Allahn nan a fuska."

"To wa zai lura?" in ji Sadik.

Rukayya ta dube shi. "Dakta zai lura. In bai lura ba, matar marigayin za ta lura, shi kuma a gabanta zai ji kunyar. Kai ka ci kwas ɗinka ko ka faɗi, babanka zai sake biya. Ni fa?"

Muka shiga neman mafita. Na ce a musanya tallan da wani shafi. Ta ce Dakta ya riga ya sa hannu. Sadik ya ce a cusa farar takarda a tsakani. Oga Sale ya ce mujalla hurhuɗu take tafiya, takarda ɗaya idan an naɗe shafi huɗu ce, in ka ƙara ɗaya a gaba wani zai ɓullo a baya, lambobin duk su rikice. Na ce to in juya takalmin ya kalli gefe. Oga ya ce, "Takalmi takalmi ne, ko ta ina ya kwanta." Abu ɗaya ya rage: a canza hoton da ke cikin tallan. Wannan kuwa sai da yardar mai shi.

Rukayya ta kira Oga Chidi a waya, bai ɗauka ba. Oga Sale ya ce min, "Kai da ka san lungunan kasuwar nan, tashi ka raka ta. Dama tun safe kake ta mutsu-mutsu."

Muka tari keke. Duk hanya mujallar na kan cinyarta a buɗe, ta ƙi yarda ta rufe.

Mun sami Oga Chidi yana fama da wani mai saye. Mutum ne mai jiki, ya daɗe a Bauchi, Hausa a bakinsa sai dai kowa "kai" ne a wurinsa. Da ya gama ya juyo. "Hajiya 'yar jarida, an gama? Kawo in gani."

Ta fara yi masa bayani, tana ta kewaye-kewaye. Da ya ji kalmar "canza" sai ya ɗaga hannu.

"A'a. Mun yi magana mun gama. Kai ka ce shafin dama, na ce to. Kai ka ce kawo hoto, na kawo. Wannan takalmi, ƙasansa shi ne kasuwa. Shekara uku kana tafiya ba ya cinyewa. In ba a ga ƙasa ba, me za a gani?"

"Oga, ba shafin za mu taɓa ba, hoton ne kawai..."

"Hoton shi ne talla."

Na ga idonta ya kawo ruwa. Ni kuma ban iya dogon lallashi ba. Na karɓi mujallar na shimfiɗa a kan kwalin takalma da ke gabansa, na ce, "Oga Chidi, duba nan." Na rufe a hankali, na buɗe.

Ya sunkuya. Ya ciro tabarau daga aljihu ya saka. Ya daɗe yana kallon goshin nan.

"Wannan wane ne?"

"Malaminsu ne. Ya rasu."

"Yana da yara?"

Rukayya ta ce yana da su, kuma gidansu za a kai kwafi.

Ya sa babban yatsa ya goga sawun, bai fita ba. Ya ce, "Hoton babana yana falo a gida, can sama kusa da rufi. Ko mai shara ba ya kai tsintsiya wurin. In wani ya yi masa haka, ni da shi har abada." Ya cire tabarau. "Cire takalmin."

Rukayya ta fara godiya, ya katse ta. "Amma shafina yana nan. Ba za ka bar min shi fari ba. Me za a sa?"

Nan kuma muka sake tsayawa. Mutumin nan takalmi kaɗai yake sayarwa. Na leƙa shagon ko zan ga jaka ko bel, babu. Silifa, kambas, sau-ciki, har rufi.

Maƙwabcinsa wani dattijo ne mai atamfa, Alhaji Ɗanlami, tun ɗazu yana jinmu yana jan carbi. Ya ce, "Chidi, ka sa fuskarka mana. Ai ta fi ƙasan takalmin ƙwari, shekara ashirin muna zaune ban ga ta cinye ba."

Aka yi dariya, har Rukayya. Oga Chidi bai yi ba. Ya shafa haɓa ya ce, "Alhaji, yau ka yi magana." Ya shiga ciki, sai ga shi ya fito da jar hula da wata riga mai ado da ya ajiye don taron 'yan garinsu. Ya tsaya ƙofar shago ya buɗe ƙirji.

Rukayya ta ɗaga waya, ta sauke. "Oga, bayanka duk takalma ne."

Ya waiga. Sai ya taka zuwa rumfar Alhaji ya tsaya gaban atamfofi. Alhaji ya ce, "To ka ga, yanzu ni ka yi wa talla, kuma ko sisi ba zan ba ka ba." A nan aka ɗauki hoton. Sai da aka ɗauka sau da yawa, wai hular ta karkace.

Kafin la'asar sakaliya mun koma shago. Na cire takalmin, na ɗora Oga Chidi, na rubuta sunan shagonsa da layin da yake da manyan baƙaƙe. Oga Sale ya fitar da sabon gwaji, ya hana kowa taɓawa har ya bushe, sannan ya bi shi shafi-shafi yana rufewa yana buɗewa. Da ya zo na shida ya ce, "To, yanzu in an rufe gaisawa suke yi." Aka kunna babban inji.

Duk da haka hankalin Rukayya bai kwanta ba. A kwas ɗin an koya musu cewa talla dole ta nuna hajar. Tallan takalmi babu takalmi, tana tsoron nan ma a yanke mata maki.

Ban je wurin miƙawa ba, ita ta dawo ta ba mu labari. Ta ce Dakta ya yi ta buɗawa yana 'yan gyare-gyare da jan biro, har ya zo shafin. Ya tsaya kan hoton malaminsa, sannan ya dubi na dama. Ya ce, "Wannan mai takalmi ne ko mai atamfa? Ina takalmin?" Sai kawai ta miƙa hannu ta rufe mujallar a gabansa, ta sake buɗewa. Ya kalli shafin hagu, ya kalli na dama. Ya ajiye biron. Can ya ce, "Ki ware min kwafi biyu masu kyau."

Da sakamako ya fito ta ci. Ta zo shagon da goyonta da ledar lemo, ta zauna a bencin nan da kuke kai, ta ce rabon da ta yi barci mai daɗi tun bara. Yanzu tana aiki a wani gidan rediyo.

Abin da ya sa nake ba ku labarin nan shi ne, kwamfuta shafi take nuna maka a buɗe, a miƙe, kowa a gidansa. Mutane kuwa rufewa suke yi, su sa a jaka, su ajiye a kan tebur. Kuma a garin nan hoton mutum ba takarda ba ce kawai, akwai 'ya'yansa a bayansa. Mai takalmin nan da ba addininsu ɗaya da marigayin ba, bai taɓa ganinsa ba, rufewa ɗaya aka yi masa ya gane. Don haka duk aikin da aka ba ku, kalanda ce, katin biki ne, mujalla ce, kafin ku kunna babban inji ku fitar da ɗaya, ku bari ta bushe, ku naɗe da hannunku. Ku duba wa ya kwanta a kan wa.