Dattijon da Ba Ya Farke Buhu

Wata ɗaliba ce ta fito daga jami'a. Ɗazu malamai suka watsa mata ƙasa a ido, wai bincikenta na digiri na biyu kan sake amfani da buhunan masana'anta zancen takarda ne kawai. Suka ce ta kawo shaida kafin Litinin, ko a soke shi.

Tana wucewa ta bakin wani sito, idonta ya faɗa kan wani dattijo. Siriri ne, gari ya yi masa fari fat a gira. Sauran leburori na farke buhu da wuƙa, shi kuwa sai ya lalubi bakin ɗinkin, ya kamo zare ɗaya ya ja, buhun ya buɗe lafiya lau. Ya karkaɗe shi, ya ɗiga masa tawada a gindi, ya ninke. Wataƙila tela ne a da. Wataƙila ya tashi a gidan da ba a zubar da komai.

"Sannu da aiki, Baba. Ɗigon nan fa?"

"Kowane zuwa ɗigo ɗaya, 'yata. Wannan zuwansa na tara ke nan. Ya fi manajanmu zuwa aiki."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta tsuguna gaban tulin buhunan.

"Baba, don Allah nuna mini sauran."