Littafin Rifkatu da Ruwan Wanke Jini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Rifkatu, kuma har yau ban daina ƙyashinta ba. Gara in faɗa tun farko.

Tare muka yi makarantar jinya, tare muka kama aiki a ɗakin tiyata. Ni a Unguwar Shanu nake, ita sai ta hau mota biyu daga Katabu, amma kullum ta riga ni isowa. Da aka kawo injin da ke tattara jinin da ya zuba a aikin zuciyar yara, ya wanke shi a mayar wa yaro, ita aka ba. Na yi mata barka da baki, na koma gida na kasa cin tuwo.

Da ruwan gishiri muke wankin. In ya yanke, a ɗauko wani ruwan da haɗinsa ya fi kusa da na jini. A wurinmu ruwa ruwa ne. Ita kuwa ta sayi littafi, tana rubuta wanda aka zuba, da abin da gwaji ya nuna, da yadda yaro ya farfaɗo.

Na ce, "Likita kike son zama?"

Ta ce, "Hadiza, jinin jariri bai cika kwalbar lemo ba. Ai dole a san abin da ya taɓa shi."

A zaman makoki mijinta ya miƙo mini littafin, wai ta ce ni kaɗai ke iya karanta rubutunta. Na jefa shi ƙasan akwati.

Watan jiya likitocinmu suka zauna kan gwada ruwan biyu, a ga wanne ya fi. Na tono littafin na haddace, na zuba bayani a taro. Sabon babban likitanmu ya ce, "Sista, ina kika ɓoye wannan kai?" Na yi murmushi, na karɓe yabon ba tare da na ambaci mai littafin ba. Wallahi na ji daɗi.

Da tana nan ba za ta yi fushi ba. Tambaya za ta yi ko yaran sun tashi lafiya, kuma wannan halin nata ne ya fi ci mini rai.

Jiya na kai wa babban likitan littafin. Ya buɗe shafin farko, ya ce, "Wace ce Rifkatu?"

Ni na jawo wannan tambaya. Na ja kujera na ce, "Likita, ita ce kan da ka yaba."