Wa Zai Ba Malama Na-Gwada Aji?

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makarantarmu, ta riga ta iso da jakar nan tata mai kacau-kacau. Murafun kwalba ne a ciki, da tsinken tsintsiya, da yankakkun kwalaye. Takan goge allo da kanta, ta bi benci-benci tana ajiye kayan, sannan ta tsaya bakin ƙofa tana karɓar 'yan aji biyu, tana duban wanda ya zo da kumburarren ido. Bango ɗaya ne tsakanin ajinta da nawa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

In an tashi, mu mu kama hanyar gida, ita kuwa ta zauna a bencin yara, gwiwa ta kusa taɓa haɓa, ta ciro wayarta mai fasasshen gilashi. Da yatsa ɗaya take rubutu, mun yi tsiyar har mun gaji. A nan take zuba darasin ranar a shafinta na intanet, shafin da malaman firamare da ba su taɓa ganin fuskarta ba suke buɗewa kafin su shiga aji. Kowane rubutu da "Na gwada" take fara shi, shi ya sa sunan ya bi ta.

Doka ɗaya gare ta, kuma ko ka kwana kana roƙo ba ta karya ta: abin da ba ta gwada a kan yaran ajinta ba, ba ya hawa shafin. Wanda ya ƙi ma sai ta rubuta. Na tuna ranar da ta ɗaure tsinke goma-goma da roba don koyar da ragewa. Ta bango na jiyo ihu. Da yamma sai ga shi a shafin: "Na gwada, ya watse. Sun kwance robar sun koma harbin juna, an samu ɗaya a kunne. Ku ɗaure da zare." Wallahi na yi dariya har da hawaye, amma washegari da zare na shiga ajina.

Ƙanena ma malami ne. Da aka tura shi wata makaranta mai nisa, aka damƙa masa 'yan aji ɗaya, ba wanda zai tambaya. Ya kira ni muryarsa a dishe.

"Yaya, ni fa ajiye aikin nan zan yi. Da na juya zan yi rubutu a allo, sai in tarar da rabin ajin a ƙarƙashin benci."

Na ce, "Ka ajiye ka ci me? Buɗe shafin da zan turo maka."

A can ya ga inda ta ce kada ka yi gasar murya da yara, ka fara tafi a hankali su bi ka, kuma ta gargaɗe shi cewa dabarar ba ta ci in ana ruwa a kan kwano. A can ya karanta cewa kafin ka kira yaro daƙiƙi, ka fara dawo da shi bencin gaba. Ya dawo da wata yarinya da ya riga ya fid da rai da ita, ashe allon ne ba ta gani. Yau yarinyar tana karatu, shi kuma yana nan bakin aikinsa. Har gobe bai taɓa haɗuwa da Malama ba.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Ƙarshen zangon da ya wuce ta yi ritaya. Ranar da take kwashe kayanta na same ta tana juye murafun kwalba a kwali.

Na ce, "Yaya, shafin fa? Ai yanzu ma kika samu lokaci."

Ta ce, "Lokaci na samu, ajin na rasa. A kan wa zan gwada?"

"Ga jikokinki nan."

"Haba ƙanwata! Yara biyu a falo, sun ci sun ƙoshi, fanka na kaɗa su? Abin da ya yi musu ba shi zai yi wa aji cike da rana tsaka ba. Ba zan sa malami ya tsaya gaban yara da abin da ban san ƙarshensa ba."

Na san halinta. Tun ranar shafin ya yi tsit. A ƙarƙashin rubutunta na ƙarshe malamai sai tambaya suke, "Malama, lafiya?" Ƙanena ya kira ni, an ba shi aji biyu bana, kuma bai taɓa koyar da ninkawa ba. Na ce masa ya yi haƙuri, amma ni kaina tsoro nake ji. Shafukan koyarwa sun cika intanet, masu hotuna gwanin kyau, sai dai da wuya ka samu wanda zai ce maka ga inda darasin ya ƙi.

Yaya, bari in juyo gare ki. Ke ce kika fara shan kunyar domin kada mu sha. Ke ce kika nuna mana cewa malami ya ce "ya watse" ba faɗuwa ba ce. Uwar aji, mai hana sabon malami gudu. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ƙara miki lafiyar ido da ta gwiwa.

Ku kuma 'yan uwana malamai, mun daɗe muna ɗiba ba ma zubawa. Kowa ya gwada abu a ajinsa ya rubuta, har da wanda ya ba shi kunya. In ba mu yi ba, malamin da za a tura gobe zai tsaya shi kaɗai.

Ni dai na fara. Na nemi izinin shugaban makaranta, na ajiye kujera a bayan ajina. Sannan na gwada koyar da ninkawa da murafun kwalba, ya rikice mini, na rubuta mata komai, na ce ga aji, ga kujera, ranar Litinin zan sake gwadawa. Na yini ina duba waya. Da amsar ta zo, ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Cewa ta yi, "Waɗanda suka rikice ɗin, a gaba suke zaune ko a baya?"

Ban amsa ba, Yaya, kuma ba zan amsa ba. Ki zo ki gani da idonki.